Kuyyar Arzika

A yamma da ƙauyen Kwarin Maje akwai wani fako da ko ciyawa ba ta taɓa tsira a kansa ba. Duk damina, idan rana ta take tsaka, sai a ji kiɗan ganga yana tasowa daga ƙarƙashinsa. Mutanen ƙauyen sun saba. Makiyayi yakan kewaye da shanunsa, mata masu kai fura gona su toshe kunne da gefen mayafi su wuce da sauri. Ba mai tambayar su wa ke kiɗan, don kowa ya san ba mutane ba ne.

A ƙauyen nan aka yi wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, Arzika da ƙanensa Tunau. Ubansu makaɗin gangar noma ne, amma Arzika tun yana yaro ya ce shi ba zai yi wa kowa kiɗa ba, sai dai a yi masa. Ya kama garma ya zama barden noma, irin wanda in ya duƙa samari ke ja da baya su ba shi fili. Ganga ta faɗa hannun Tunau, shi kuwa duk duniya ba wanda yake jin daɗin kaɗa wa irin yayansa.

Wanda bai taɓa zuwa gayya ba, bari in gaya masa yadda abin yake, don kada ya ce ƙarya nake shara masa. Kowane barde da takensa. Da an kaɗa shi, jikinsa zai ɗauki tsuma ya duƙa, kuma ba ya miƙewa muddin ana kaɗawa, ko da ransa zai fita. Wanda ya miƙe ana cikin takensa, 'yan mata sun sami abin waƙa har jikokinsa. Saboda haka ne makaɗa ke da kiɗan tashi, wani kiɗa mai sanyi da ake sauke manomi da shi a hankali, kamar yadda ake sauke tukunya daga murhu, har numfashinsa ya dawo ya miƙe da mutuncinsa. Samarin makaɗa ba su ɗauke shi bakin komai ba. Kiɗan tsofaffi suke ce masa.

Wata rana aka kira gayyar huɗa a wata gona da ta yi iyaka da fakon nan. Rana ta take, Tunau ya sauke manoma, kowa ya nufi inuwa. Arzika bai kai ga goge zufa ba sai ƙasa ta ɗauki kiɗa, kuma takensa ne, ba kuskure ko ɗaya. Mutane suka ga ya tsaya, suka ga tsikar jikinsa ta tashi, suka ga ya duƙa. Aka yi ta kiransa, ina, ko waiwaye. Ya ja kuyya, wato kunyar huɗa, ya tsallake iyakar gonar ya hau fakon, ƙasar da ke karya bakin garma ta riƙa buɗe masa, kuyyar tana gangarawa ƙasa yana bin ta, har ƙeyarsa ta ɓace.

Dattawa suka ce wanda fako ya ci ya ciwu, a yi masa addu'a. Tunau ya koma gida ya tarar labari ya riga shi. Inna, mahaifiyarsu, tana zaune bakin murhu ba ta kuka. Ya ce mata zai bi yayansa. Ta tashi ta ƙulla masa gumba a tsumma ta rataya a igiyar gangarsa. Ɗan'uwa rabin jiki ne. Ya ɗauki ganga da gula, wato lanƙwasasshen icen kiɗa, ya koma fakon ya sa ƙafa a kwarin kuyyar ya bi ta.

Ya yi ta gangara har hasken rana ya ƙare, wani haske ja ya karɓe shi, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ƙasar wurin ɗumi gare ta, tana motsi ƙarƙashin ƙafa. Can sai ya hango wasu halittu kwance rubda ciki a gefen kuyyar, ba iyaka. Siffar mutane gare su, sai dai inda kunne ya kamata ya kasance a shafe yake sumul, fatar jikinsu kuwa a ɗame take tana ƙyalli. Gangarsa ta ɗan bugi gwiwarsa ta yi ƙara kaɗan, sai gaba ɗaya suka zabura suka yo kansa.

Babbansu ya sha gabansa ya ce, "Ya kai bil'adama, mu ne Kurame, masu gadin ƙofar farko. Ba mu da kunne, kuma ba mu yi rashi ba, domin kiɗa abin da fata ta ji ne. Wani ɗan'uwanka ya wuce nan yana sarar ƙasa, mun sha daɗin sararsa har yanzu ba mu tashi ba. Kai kuwa ka zo da tukunyar gaba ɗaya. Ciyar da mu, ko mu matse ka mu ji ƙarar ƙasusuwanka, ita ma kiɗa ce."

Tunau ya rataya ganga ya fara. Kai, ban taɓa jin masu sauraro marasa ta ido irin waɗannan ba. Ba ruwansu da take ko kirari ko wa ake yi wa. Wani ya manna ƙirji a gangar, wani ya buɗe baki yana lasar iska, wani yana shaƙa yana lumshe ido, fatunsu na karkarwa. In ya buga da kauri su yi nishi, in ya buga da kaifi su zabura. Suna ta matsowa, suna hawan juna, har numfashinsa ya fara sarƙewa. Ya gane in ya ci gaba za su danne shi don daɗi, in ya tsaya za su danne shi don haushi. Ya roƙi babbansu ya faɗi fansar wucewa.

Babban ya kama hannayensa ya juya tafin ya shafa, ya ce a nan kiɗan ke shiga jikin makaɗi kafin ya shiga jikin kowa, wannan jin suke so. Tunau ya yarda. Halittar ta sa harshe ta lashe tafukansa, wani sanyi ya ratsa su, shi ke nan. Yana ganin yatsunsa riƙe da gula amma ba ya jin ta. Kurame suka koma suna ta miƙa wa juna abin da suka samu baki da baki, ya ratsa ta tsakaninsu ya wuce yana kuka, don ya san daɗin da yake ji in fata ta amsa masa a hannu ya tafi har abada.

Kuyyar ta kai shi wani birni mai ganuwar dutse. Titunansa a miƙe suke ƙyam, gidajensa duk tsawo ɗaya. A jikin ganuwar an jera gumakan mutane, wannan da goge, wancan da kalangu, wani da sarewa a baki, duk sun zama dutse suna cikin kiɗa. Dogarai masu manyan kawuna da siraran wuya suka kama shi suka kai shi gaban Alƙalin Kiɗa, wani tsohon aljani da ke zaune tsakiyar almajiransa, kowanne da ƙoƙon tsakuwa a gabansa.

Alƙalin ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ka shigo Birnin Awo da ganga, doka kuwa ta ce duk wanda ya shigo da abin kiɗa sai an auna shi. Mu ba mu rawa, ba mu kuka. Kiɗa gini ne, ana duba tubalinsa a ga ko ya hau daidai. In ya hau, ka wuce. In bai hau ba, ga 'yan'uwanka can a ganuwa, akwai sauran wuri."

Tunau ya kaɗa musu duk abin da ya gada. Ya yi taken barade, ya yi kiɗan shiga gona, ya yi na zuga rago, ya yi na tashi. Ba wanda ya gyaɗa kai, ba ƙafar da ta motsa. Kowane bugu sai ka ji tsakuwa ta faɗa ƙoƙo. Amma kada ka ce ba su ji, wallahi sun fi kowa ji. Wani almajiri ya faɗi inda wani take ya samo asali, ya nuna cewa rabinsa daga kiɗan maharba aka ɗebo shi, abin da Tunau bai taɓa sani ba, da ya saurara kuma ya ji gaskiya ne. Wani ya nuna masa yadda take biyu da yake zaton ba su haɗa komai ba ashe ɗaya ne aka juya. Da ba ransa ke kan faifai ba, da ya zauna ya yi karatu a wurinsu.

Da aka gama aka zube tsakuwa aka duba. Suka ce a kowane kiɗa nasa akwai wani ɗan jinkiri da yake sakawa inda awo bai ba shi ba. Tunau ya ce wurin nan ne manomi ke jan numfashi. Alƙalin ya ce ya ji, kuma hujja ce mai kyau a gona, amma a nan ba a auna numfashi. Aka yanke masa hukuncin dutse. Ƙafafunsa har sun fara nauyi, ya faɗi ya yi afi ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ce in ya zama dutse yayansa ya hallaka.

Labarin bai taɓa Alƙalin ba ko kaɗan, amma shi mai bin doka ne har ƙarshenta. Ya ce akwai fansa: za a cire duk kiɗan da ke kansa a ajiye don nazari, a bar masa guda ɗaya tak, wanda ya zaɓa, kuma abin da aka cire ba ya sake zama a kansa ko an koya masa. Tunau bai ko numfasa ba ya ce a bar masa taken Arzika.

Alƙalin ya dube shi ya ce, "Ɗan Adam, ka yi tunani kuwa?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba abin tunani a nan. Yayana na zo nema, da takensa zan kira shi."

To, ka tara makaɗan noman ƙasarmu kaf ka yi musu wannan tambaya, amsar da za su ba ka ke nan, ni ma da nake ba ka labari ita zan bayar. Aka kawo hantsaki aka riƙa zaro kiɗa daga kunnensa kamar zare, ana naɗewa ana sakawa a gora ana toshewa. Ya fita birnin kansa fayau, take ɗaya ne kawai ke yawo a ciki.

Bayan birnin sai wani fili fari fat, ba itace ba dutse, ba gabas ba yamma. Shirun wurin ya yi masa yawa, tsoro ya kama shi, ya ce bari ya ɗan taɓa ganga ya ji motsin kansa. Yana fara taken sai farin nan ya tsage. Ga gonar babansu koriya shar, ga gawon da ke tsakiyarta, ga Arzika yana tahowa da garma a kafaɗa yana dariya, yana ce masa ai wasa yake yi, su je gida Inna ta dama fura. Har ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka ya ji. Ya ƙara bugu, hoton ya ƙara haske. Ya sassauta, Arzikan ya fara dushewa, ya yi maza ya ƙara.

Allah kaɗai ya san daɗewar da ya yi a nan. Abin da ya cece shi tuntuɓe ne. Ya yi karo da wani abu ya faɗi, ganga ta yi shiru, gona ta ɓace. Abin da ya yi karo da shi wani tsoho ne zaune, ya bushe ƙashi da fata, yana kaɗa molon da tsirkiyarsa ta daɗe da tsinkewa, yana murmushi yana yi wa iska magana. Tunau ya duba ya ga irinsa birjik a filin, kowa da abin da yake kallo. Wata murya da ba a ganin mai ita ta ce masa nan Filin Zato ne, ba a karɓar fansa a wurin kowa, domin ba wanda ya taɓa son fita. Ta ce ya kaɗa, za ta ba shi yayan da ba ya tsufa ba ya ciwo.

Ya so ya kaɗa, ba zan ɓoye maka ba. Amma da ya sunkuyar da kai sai ya ga kuyyar a gabansa, ya ga ta fara karkacewa, abin da kuyyar Arzika ba ta taɓa yi ba, ga kuma ɗigon jini a kan ƙasar da aka juya. Arzikan da ke dariya ba ya zubar da jini. Ya cusa gula a ɗamara, ya kafa ido a kan jinin nan ya bi shi, bai ƙara ɗaga kai ba sai da ya ji kiɗa na gaske yana dukan ƙirjinsa.

Wata gona ce baƙa wadda ido ba ya ganin ƙarshenta, ba a shuka komai a cikinta. Makaɗan aljannu sun yi sahu, kowanne da hannu huɗu, suna kaɗa taken Arzika ba jinkiri ba numfashi. Ga Arzika can tsakiya a duƙe. Tunau bai gane shi ba sai ta garmar. Haƙarƙarinsa duk a waje, leɓunansa sun tsage, tafin hannunsa ya saɓule ya manne da ƙotar, idanunsa a buɗe amma ba su ganin kowa. A gefen gonar an tara garemani masu tsatsa tuli guda, na waɗanda suka riga shi.

A kan wata karaga ta baƙar ƙasa wata mace ke zaune, doguwa, ta tallabe haɓa tana kallonsa ko ƙiftawa ba ta yi. Ita ce Magajiyar Ƙarƙashi, mai mulkin duk ƙasashen da ya ratso. Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ya zo karɓar yayansa, ya tambaye ta laifin da ya yi mata.

Ta ce, "Bai yi mini laifi ba, ya kai makaɗi. Ina da bayi masu jin kiɗa da fata, ina da masu auna shi da hankali, ina da filin da ke mai da shi hoto. Duk na ɗanɗana na ƙoshi. Amma akwai wani abu a ƙirjinku da ba a ba mu ba. Bugu kaɗan a kan fatar akuya, sai mutum ya tuna ko shi wane ne, ya zaɓi mutuwa a kan ya miƙe. Shi nake kallo. Nakan ji ɗuminsa daga nan, kamar mai jin ɗumin wutar maƙwabci ta bayan danga, da na miƙa hannu kuma sai mutumin ya mutu."

Tunau ya ji wata ƙiyayya ta taso masa, ya danne. Ya ce ta ba shi dama ya gwada gangarsa da ta makaɗanta, in Arzika ya bar nasu ya bi nasa, ta sake shi. Ta yarda nan take, har da murmushi, don ita ma tana son ta gani.

Ya shiga gonar ya tsaya gaban yayansa ya fara. Gangarsa ɗaya, tasu ba iyaka, da farko ko shi ba ya jin kansa. Bai yi ƙoƙarin fin su ƙara ba. Ya dubi bayan Arzika yana hawa yana sauka, ya saka ɗan jinkirin nan daidai inda ƙirjin ke neman iska. Garma ta ɗan tsaya, Arzika ya ja numfashi mai ƙara, na farko tun shigarsa ƙasa. Aka sake zagayowa ya sake ja. Sai Tunau ya buɗe baki ya yi masa kirarin da ubansu ya yi masa ranar da ya fara kai kuyya ƙarshe. Hawaye suka zubo daga idanun nan da ba su gani. Garma ta bar bugun aljannu ta koma kan na Tunau, kuma ko kurma ya ga haka.

Magajiya ta ɗaga hannu, makaɗanta suka yi shiru. Ta sauko daga karaga tana dafe da ƙirji, ta ce yau ta ji abin ya matso kusa fiye da kullum. Sannan ta ce, "Ka ci, makaɗi, naka ne. Sai dai ka sani, ƙarfin jikinsa ya daɗe da ƙarewa, kiɗa ne ke riƙe da shi. In aka yanke kiɗan kai tsaye, zai faɗi ba zai tashi ba. Sauke shi a hankali da kiɗanku na tashi, da hannunka, don yanzu ba ya jin gangar kowa sai taka. In ka yi haka zai rayu ya tsufa."

Tunau ya lalubi kansa. Ya san akwai kiɗan, ya san yakan yi shi kullum rana ta take, har yana iya ganin manoma suna miƙewa suna dafe ƙugu. Amma kiɗan kansa babu, wurin wayam. Hannunsa na ta buga take. Ya gaya mata kiɗan yana cikin gora a Birnin Awo, ya roƙe ta ta sa a dawo masa da shi. Ta ce hukuncin Alƙali ko ita ba ta warware shi, kuma ai an tambaye shi ko ya yi tunani. Da-na-sani ƙeya ce.

Ba abin da ya rage sai tafiya. Ya juya yana ja da baya yana kiɗa, Arzika na biye da shi a duƙe yana huɗa, sabuwar kuyya a gefen tsohuwa. A Filin Zato Tunau ya kafa ido a kan yayansa na gaske, hotuna suka yi ta kiransa ta gefe bai kula ba. A Birnin Awo ya yi ta ihu a ƙofar Alƙali yana kiɗa, aka aiko masa cewa shari'ar ta ƙare. Kurame suka yi ta birgima a gefen hanya don daɗi. Yatsunsa suka fashe, jini ya jiƙa gula, shi bai ji ba, don haka bai tsaya ba.

Da hantsi suka fito ta fakon. Kafin ka ce kwabo ƙauyen ya taru, masu salati na yi, masu gudu na yi. Tunau bai daina kiɗa ba ya faɗa musu abin da ke nan. Aka ɗauko Baba Cindo, tsohon makaɗin da ya yi zamani da ubansu, ya zo ya kaɗa kiɗan tashi a kunnen Arzika, ko gezau. Ya koma gefen Tunau yana kaɗa masa a hankali, bugu ɗaya ɗaya, yana cewa ɗana bi ni, ai kai ka fi ni iya shi. Tunau na ji, yana gane daɗinsa, amma kafin ya kai hannu sai kiɗan ya zube daga kansa. Tsohon ya yi ta maimaitawa har ya jefar da gula ya rufe fuska.

Tunau ya ce bari ya gwada sassauta taken kansa. Yana rage sauri sai Arzika ya ɗago idanun nan da ba su gani ya harare shi, ya ƙara wa garma ƙarfi har jini ya ɓalle masa ta hanci. Sassauta wa barde takensa ai gaya masa ne ya tsufa, ko a bakin kabari ba zai karɓa ba. Tunau ya mai da shi yadda yake.

Haka suka ratsa gonakin mutane, jama'a na biye. Mata suka riƙa ɗiga wa Tunau ruwa a baki. Rana ta karkata, ƙafafunsa suka fara harɗewa, fatar gangar ta yi laushi ta fara tsagewa daga gefe, kowa na gani. Inna ta ratso taron ta zo ta jera da shi, tana tafiya yana ja da baya. Ta daɗe tana kallon babban ɗanta. Sannan ta ce da ƙaramin, a hankali yadda ba kowa ya ji ba, fatar nan ba za ta kai gobe ba, shi ma Tunau haka, kuma ita ba ta da ƙarfin wankan gawa biyu. Tunau ya ce ba zai iya ba, in ya ɗauke hannu shi ya kashe shi. Ta ce ta sani.

Ashe Arzika na ji. Maganarsa ta fito guntu-guntu, tsakanin sara da sara.

"Tunau. Kai ni gonar Baba. Kada ka yanke ni a tsakiya. Bari in kai ƙarshe."

Tunau ya karkata da shi zuwa gonar babansu, wadda ba a riga an yi wa huɗa ba. Ya tsayar da shi a bakin iyaka ta gabas, suka kama kuyya ɗaya. Waɗanda suka ga abin sun ce ba a taɓa kaɗa take irin na ranar ba a Kwarin Maje. Tunau na kuka yana kirari, ya kira sunan ubansu da na kakansu, ya kira gonakin da Arzika ya kayar da barade a cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Bayan Arzika ya daidaita, garma na shiga tana fita, ƙasa na kwanciya gefe guda lumui. Tsofaffin barade da ke tsaye jikinsu ya ɗauki tsuma, aka riƙa riƙe su. Tunau ya so gonar nan ta yi tsawo har bakin duniya, amma ƙaramar gona ce.

Dugadugansa suka taɓa ciyawar iyaka ta yamma. Arzika ya kai sara ta ƙarshe ya juye ƙasar. Tunau ya ɗaga gula sama, bai sauke ta ba.

Wurin ya yi tsit. Arzika ya dafa ƙotar garma ya miƙe a hankali, ƙashin bayansa na ƙara, har ya tsaya sosai. Ya waiwaya yana neman kuyyar, idanun ba su gani.

Ya ce, "Ta miƙe?"

Tunau ya ce, "Ta miƙe, Yaya."

Arzika ya gyaɗa kai. Gwiwoyinsa suka saki, Inna ta tare kansa kafin ya kai ƙasa.